Faifan Littafin Malam Ummaru

Ranar wata Asabar ce cikin shekarar 2000, ana tsakiyar kwasar albasa. Sufeto Hamidu bai gama rataye hularsa ba sai ga Alhaji Balarabe ya shigo caji ofis yana haki, babbar riga a karkace. Shi ne mai shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Jega, inda kowa ke kai wasiƙa ko takardar neman aiki a buga masa da kwamfuta.

Ya ce an fasa masa shago. Sufeto ya jawo takarda ya tambaye shi abin da aka kwashe.

"Abu ɗaya ne, ranka shi daɗe. Faifan cikin kwamfuta."

Sufeto bai taɓa buɗe kwamfuta ba, don haka ya sa Alhaji ya yi masa bayani. Faifan ajiya ne, masu gyara na ce masa had dis. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, kuma duk abin da aka rubuta da kwamfutar a cikinsa yake zama. Alhaji ya ce ba ƙarfen ne ya dame shi ba. A cikinsa littafin Malam Ummaru yake.

Wannan suna ya sa Sufeto ya ajiye biro. Malam Ummaru tsohon hedimasta ne, mazaunin Maiyama, rabin ma'aikatan yankin sun bi ta hannunsa. Ya shekara arba'in yana tattara tarihin kasuwar Jega da ƙauyukan da ke ci daga gare ta. Gara ta cinye littattafan da ya rubuta da hannu, ido kuma ya tafi. Sai ya riƙa shiga mota duk Litinin da Laraba yana zuwa shagon Alhaji, yana faɗa daga kansa ana bugawa. Shekara biyu da rabi ana wannan aiki.

Sufeto ya ɗauki Saje Altine suka bi Alhaji.

An ɓalle kwaɗon ƙofa, yana nan yashe a ƙasa. Amma a ciki komai na wurinsa: injin fotokwafi, firinta, fanka, har rediyon da ke kan taga. Akwatin kwamfutar ne kawai aka buɗe gefensa, waya biyu na reto inda aka zare faifan.

Saje Altine ya durƙusa yana duba ƙarƙashin tebur. Can ya ɗago da wani ɗan sukuru, bai kai ƙwayar dawa ba, kansa da zane kamar tauraro. Sufeto ya naɗe shi a takarda ya jefa aljihu.

"Wa ya san cikin na'urar ga?" ya tambayi Alhaji.

Kamar mai jin nauyin magana, Alhaji ya ce mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe ta: Imrana mai gyara, mutumin Aliero. Ya faɗi sunan a bakin ƙofa, inda 'yan kasuwa suka taru suna leƙe. Sufeto ya lura da haka, amma bai hana ba.

Zubaida ce mai buga takardu a shagon. Sufeto ya sa aka rufe ƙofa ya zauna da ita. Idanunta sun yi ja, tana ta murza bakin gyale.

Ta ce mako uku ke nan kwamfutar ba lafiya. Da farko nauyi ta fara yi. Takardar da ke buɗewa nan take sai ta koma sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo. Daga baya ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, wani lokaci ta tsaya cik, ko an danna me ba ta motsi. Ranar Talata Imrana ya zo. Ya canja waya, ya duba ko cuta ce ta shiga, ya duba ko faifan ne ya cika. Duk ba su ba ne. Da ya sa kwamfutar ta binciki faifan, allon ya cika da 'yan murabba'ai, da yawansu da alamar lalacewa. Nan ya ce faifan ne ke mutuwa, a kashe ta, kada wanda ya sake kunnawa. Zai je Sakkwato ya samo sabo, ranar Litinin ya haɗa su biyu ya zuƙo aikin a hankali.

Sufeto ya tambaye ta ko akwai kwafin littafin a wani wuri. Ta ce babi uku na farko kawai ta taɓa juyewa a fulofi, ɗan faifan nan da ake sawa a zare, tun bara. Malam ba ya son a buga a takarda sai ya gama gyara. Babi goma sha ɗaya ne duka.

"Jiya ƙarfe nawa kika tashi?"

"Ƙarfe biyar, Yallaɓai, kamar kullum."

"Ke kika kulle?"

"Ni na kulle."

Ba ta dube shi ba da ta faɗi haka. Sufeto ya dafa teburin zai tashi, sai ya ji tafin hannunsa na wani wari. Ya sunkuya ya shinshina ledar da aka shimfiɗa a kai. Fetur ne. Ya tambaye ta ko janaretansu da fetur yake aiki. Ta ce a'a, da gas ne, kuma a bayan shago yake.

Ba su kai ga zuwa Aliero ba. Wajen azahar aka aiko cewa samarin kasuwa sun kama Imrana a tasha yana saukowa daga mota. Kafin Saje Altine ya isa sun riga sun yi masa duka, hannunsa na dama ya kumbura daga wuyan hannu.

Imrana mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, siriri, mai gilashi, gilashin ma an fasa ido ɗaya. Ya rantse bai taka Jega ba tun Talata. Saje ya zazzage jakarsa, sai ga faifan kwamfuta a cikin leda. Imrana ya ce sabo ne, daga Sakkwato ya zo da shi. Babu wanda zai iya bambancewa a caji ofis. Saje ya koma tasha, wani direba ya shaida masa cewa jiya Jumma'a da la'asar shi da kansa ya sauke Imrana a bakin kasuwa.

Sufeto ya ga mutum ya yi ƙarya, ga faifai a jakarsa, ga mai kaya ya ambaci sunansa. Ya sa aka ɗaure masa hannun da bandeji aka tura shi bayan kanta. Imrana ya roƙa a bar shi ya je gida wurin masu ɗori. Sufeto ya ce sai an gama bincike. Wannan kalma ta daɗe tana damunsa daga baya.

Da safiyar Lahadi ya hau babur zuwa Maiyama. Ya tarar da Malam Ummaru a zaure, zaune kan buzu, 'yarsa Uwani na haɗa masa kaya a akwati. Washegari za a kai shi Kaduna a yi masa aikin ido. Babu wanda ya gaya masa abin da ya faru, Uwani kuma ta yi wa Sufeto alama da hannu kada ya faɗa.

Sai Sufeto ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. Tsohon ya ji daɗi, ya shiga ba shi labarin littafin. Ya ce likita bai yi masa alkawarin komai ba, shi ya sa ya roƙi Balarabe a buga masa littafin a takarda kafin tafiya, ko bai gani ba ya ji nauyinsa a hannu. Balarabe ya yi masa alkawarin ranar Asabar, ga shi har yau shiru.

"Amma zai zo," in ji Malam. "Bala ɗalibina ne. A aji biyar ya bari, karatu bai karɓe shi ba, amma Allah ya ba shi hannu. Kafin ya buɗe shagon ga, babu injin ban-ruwa daga Jandutsi har Alelu da bai kwance ba. In inji ya fara tari, Bala zai wanke shi da fetur ya tashi kamar sabo."

Sufeto ya miƙe. Ya yi sallama da wuri, ya kama hanya. A kan babur ya riƙa juya maganar Asabar ɗin nan. Imrana ya ce Litinin. Alhaji ya yi alkawarin Asabar. Bai ambaci wannan alkawari a caji ofis ba.

Yana isa ya sa aka fito da Imrana. Hannun ya ƙara kumbura, yatsun sun yi baƙi-baƙi. Sufeto ya warware takardar ya ajiye ɗan sukurun a gabansa. Imrana ya matso da fuska ya duba da ido ɗayan gilashin da ya rage.

"Ina aka samu wanga?"

"Ƙarƙashin teburin kwamfuta. Na mene ne?"

"Ba na akwatin kwamfuta ba ne, Yallaɓai. Na murfin faifan ne shi kansa. Wani ya buɗe shi."

Ya yi wa Sufeto bayani. A cikin faifan akwai wani ɗan faranti mai sheƙi kamar madubi, da wata allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Ƙura ɗaya in ta shiga tana iya karce shi. Babu mai gyaran da ya san aikinsa da zai buɗe wannan murfi a kan tebur. Shi kansa ba ya da sukundireba mai irin wannan baki, don bai taɓa buƙatarta ba.

Sufeto ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi ƙarya. Imrana ya ce yana saukowa daga mota ya ji ana kiran sunansa da ɓarawo, tsoro ya hana shi tunani. Gaskiyar ita ce ya samu sabon faifai da wuri, sai ya ga gara ya zo tun Jumma'a saboda Malam. Ya isa shagon bayan la'asar. Ƙofa a rufe, babur ɗin Alhaji a jingine a bakin ƙofa. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama, ya faɗi sunansa. Ba a amsa ba. Ya ɗauka Alhaji ya shiga kasuwa ne, sai ya koma Aliero.

Sufeto ya kira Saje ya ce a samo mota a kai Imrana gida wurin masu ɗori yanzu-yanzu. Ya so ya ƙara wata magana, ta ƙi fita.

Layin maƙera na bayan kasuwa. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna sukurun. Na huɗu, wani dattijo mai farin gemu, ya karɓa ya juya shi a tafin hannu ya yi murmushi. Ya ce ranar Jumma'a kafin a tafi masallaci an kawo masa ƙaramar sukundireba ya goge bakinta da magagari ta dace da irin wannan. Aiki ne mai wuya, sau biyu mai ita yana komawa ya gwada ya dawo. Da Sufeto ya tambayi ko wane ne, maƙerin ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai Alhaji Bala ne mai kwamfuta.

Daga nan Sufeto ya biya gidan su Zubaida. Bai yi mata tsawa ba. Ya gaya mata halin da hannun Imrana ke ciki, sai ta fashe da kuka. Ta ce ba ƙarfe biyar ta tashi ba. Tun sha ɗaya na safe Alhaji ya sallame ta, ya ce shi zai kulle. Da safiyar Asabar kuma ya ja ta gefe ya ce in an tambaye ta ta ce ita ta kulle, don kada a ɗora masa sakaci. Shekara huɗu tana cin abinci a ƙarƙashinsa, ba ta iya musa masa ba.

Ba a sami Alhaji a gida ba. Aka ce yana gonarsa ta albasa a Alelu. Sufeto da Saje suka same shi da la'asar, zaune shi kaɗai a gindin rumbun albasa, ba ya aikin komai. Ya miƙe ya tarbe su, ya tambaya ko Imrana ya amsa laifinsa.

Sufeto ya wuce cikin inuwar rumbun. Ya zauna a kan wani buhu, ya shiga jero masa abubuwa a hankali: fetur a kan tebur, maƙeri, babur a bakin ƙofa, Zubaida da aka sallama tun hantsi. Alhaji ya fara cewa fetur ɗin na babur ne, ya zube. Ya ce sukundirebar ta gyaran rediyo ce. Muryarsa na raguwa da kowace amsa.

"Na je Maiyama yau," in ji Sufeto. "Malam na zaune a zaure yana jiranka. Ya ce za ka zo."

Alhaji ya koma ya zauna a ƙasa. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu. Sannan ya nuna rijiyar ban-ruwa da ke ƙarshen gonar.

Ya ce bai taɓa nufin ɓarna ba. Tun ranar Talata maganar Imrana ta tsaya masa a rai. Malam zai tafi Litinin, sabon faifai kuma sai Litinin. Ranar Alhamis ya kunna kwamfutar a ɓoye ya saurari ƙarar nan, ƙas-ƙas, sai ya ce a ransa ai wannan datti ne. Ya ji irinta a injin ban-ruwa sau ɗari. Abin da ke juyawa in ya yi nauyi, wanki yake so. Ya ga idan ya gyara shi da hannunsa ya kai wa Malam littafin, Malam zai san yaron da ya kasa aji biyar shi ne ya ceci aikinsa.

"Lokacin da Imrana ya ƙwanƙwasa, ka riga ka buɗe?" Sufeto ya tambaya.

Alhaji ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Saura sukuru ɗaya. Na ji muryarsa sarai. Ina riƙe da faifan, murfin bai ɗaga ba. Na ji kunya ya shigo ya ganni ina abin da ya hana. Na ce bari ya tafi, minti goma na gama, in ya dawo in nuna mishi. Na yi shiru har na ji tafiyarsa."

Sauran ya faɗa da kai a sunkuye. Ya ɗaga murfin, ya jiƙa tsumma da fetur ya goge farantin har ya ga ya yi fes. Ya mayar, ya kunna. Faifan ya yi wata ƙara sau ɗaya ya yi shiru, allon ya ce babu faifai a ciki. Ya kwance ya sake ɗaurawa har magariba. Washegari bayan sallar asuba ya ɓalle kwaɗonsa da hannunsa, ya zo gona ya jefa faifan a rijiya, ya wuce caji ofis. Gara a ce ɓarawo ne da ya tsaya gaban Malam ya ce shi ne. Sunan Imrana kuwa, ya ce tambaya aka yi masa, ya rasa abin faɗa, sunan ya fito.

Wani manomi ya shiga rijiyar ya lalubo faifan cikin laka. Da aka kai wa Imrana a Aliero, hannunsa ɗaure da kara, ya duba farantin ya ga karce zagaye-zagaye. Ya ce da an bar shi yadda yake ranar Jumma'a, da ya fitar da kashi tara cikin goma, watakila ma duka. Yanzu babu abin da ya rage. Mai ɗorin kuma ya gaya wa Sufeto a gefe cewa an makara da kawo hannun. Zai warke, amma yatsu biyu ba lallai su sake riƙe ƙaramin abu ba. A nan Sufeto ya nemi gafarar Imrana a gaban mahaifinsa. Imrana ya ce ya yafe, bai ɗago ya dube shi ba.

Ranar Litinin da safe aka shirya kai Alhaji Balarabe kotu, kan ba da rahoton ƙarya da jawo wa wani rauni. Ana fito da shi sai ga motar Kaduna ta tsaya a ƙofar caji ofis. Uwani ta riƙo hannun mahaifinta. Labari ya riga ya kai masa, ya ce ba zai wuce ba sai ya tsaya. Zubaida ma tana wurin, ta zo sa hannu a bayaninta.

Alhaji ya durƙusa da ankwa a hannu ya kama ƙafar tsohon. Malam ya lalubo kansa ya dafa.

"Littafi nawa ne, Bala, na yafe maka shi. Hannun yaron can ba nawa ba ne. Can za ka je ka roƙa."

Sannan ya juya inda ya ji muryar Zubaida, ya ce in Allah ya dawo da shi ta tanadi takarda da biro, za su fara daga babi na huɗu. Zubaida ta ce to, Baba. Tsohon ya ɗan tsaya, goshinsa ya tattare.

"Ɗiyata, tsohuwar nan mai sayar da gishiri, wadda ta ba ni labarin shekarar da gulbi ya ci kasuwa. Na faɗa miki sunanta bara, da sunan garinsu. Tun jiya nike nema. Mi ne sunanta?"

Zubaida ta buɗe baki, ta rufe. Ta buga sunan da yatsunta, ta san ta buga, amma ya tafi. Malam ya jira, kowa ya jira. Can ya gyaɗa kai a hankali ya ce wa Uwani su tafi kada direba ya gaji.

Alhaji Balarabe na nan durƙushe har motar ta tashi. Sufeto Hamidu bai ce a ja shi ba. Ya bari sai da ya miƙe da kansa, sannan Saje Altine ya kama gwiwar hannunsa ya kai shi mota.